Balbela da Alade: Ina Tsarkin Mutum Yake?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da damina, ya leƙa fadamar gulbin Gagare, ba zai rasa ganin balbela tana bin shanu cikin taɓo ba. Shanun sun yi kaca-kaca, makiyayin ma haka, amma ita fara fat kamar yanzu aka wanke ta. Da wannan tsuntsuwa nake so in yi magana a kan wata koyarwa ta addinin Kirista, wato kiran da ake yi wa kowane mutum da ya tsarkake kansa.

Kada mai karatu ya ce na ɗauko zance daga nesa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura daga Zariya a 1929, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa Kiristoci suke zaune a wannan yanki, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Marubucin da bai san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi ba, in ya sa shi a labari, ƙarya zai yi masa.

A wasiƙarsa ta biyu, sura ta 2, Manzo Bitrus ya kamanta wanda ya bar mugun aiki sannan ya sake komawa gare shi da alade, wanda ko an yi masa wanka taɓo zai nufa. To, me ke mayar da shi? Masana dabbobi sun nuna cewa alade ba ya yin zufar da za ta sanyaya masa jiki, saboda haka in zafi ya dame shi sai ya nemi laka. Ashe wankan bai taɓa abin da ke damun sa ba. Haka mutum yake. Ana iya yi masa wa'azi har ya yi hawaye, amma muddin kwaɗayin da ke ƙona shi yana nan, gobe zai koma. Shi ya sa a Linjilar Markus, sura ta 7, Yesu ya koyar da cewa tushen ƙazantar mutum a zuciyarsa yake.

Ita kuwa balbela ba guje wa taɓo take yi ba, domin a ƙafafun shanu take samun fara da ƙwari. Sirrinta shi ne, tana da wani lallausan gashi a jiki wanda bakinsa ke marmashewa ya zama gari, kuma a farcen yatsanta na tsakiya akwai haƙora kamar na mataji. Da garin take shafe dauɗa, da farcen take tsefe ta, kuma kullum sai ta yi. A nan koyarwar Kirista take da ƙafa biyu. Ta farko, mutum ba ya iya ƙera wa kansa sabuwar zuciya, alherin Allah ne, kamar yadda balbela ba ita ta halicci garinta ba. Ta biyu, wanda aka ba kyautar dole ya yi aiki da ita kowace rana, ta hanyar addu'a da tuba da binciken kai.

Wani zai ce ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gara mutum ya ƙaurace. Gaskiya ne akwai wurin da gudu ya fi. Amma mutumin Zurmi ko Galadi ina zai gudu ya bar gonarsa da kasuwarsa? Mun tuna a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya, don a toshe hanyar masu kai wa 'yan bindiga kaya da rahoto. Doka ta iya rufe kasuwa, amma ɗan acaɓan da aka miƙa wa kuɗi mai tsoka don ya kai jarka daji, alhali gidansa ba hatsi, zuciyarsa ce kaɗai za ta ce a'a. Wannan shi ne tsarkin da ake nufi, kuma Musulmi ma ya san shi da sunan tsarkin zuciya.

A ƙarshe, 'yan'uwa marubuta, mu ma cikin taɓo muke kiwo. Dole mu rubuta labarin ɓarawo da mazinaci da maci amana, in ba haka ba rubutunmu ba zai yi kama da rayuwa ba. Abin da ya kamata kowa ya tambayi kansa kafin ya kai littafi maɗaba'a shi ne: na shiga wannan taɓo ne don in fito da abin da zai amfani jama'a, ko kuwa sanyinsa nake ji? Allah ya sa mu gane, amin.