NASIHAR JUMA'A: Kafin ka saka wani a ɗakin da kake haya

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), 'yan uwa, nasihar wannan makon kan haya ce.

Kowa ya san yadda kuɗin ɗaki da na shago suka yi tsada a Legas. Shi ya sa wasunmu, idan shekara ta zo ƙarshe babu kuɗi, ko za su tafi gida noman damina, sai su saka wani a ɗakin, ko su raba shagon biyu, suna karɓar kuɗi mai gida bai sani ba. Ranar da magana ta fito, a kori mutum biyu, iyali su rasa wurin kwana.

A fiƙihu, malamai sun halatta wa ɗan haya ya bayar da hayar abin da ya kama, matuƙar wanda zai shiga ba zai fi shi cutar da wurin ba. Wanda ya kama shago don sayar da atamfa ba zai miƙa shi ga mai injin niƙa ba. Amma idan an yi sharaɗi tun farko, to sharaɗin nan amana ne. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika alƙawura.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma ta hana ɗan haya ba wani hayar wurin, ko da wani ɓangare ne, sai da yardar mai gida a rubuce. "Ejan ya ce ba komai" ba hujja ba ce a kotu.

To, wanda haya ta fi ƙarfinsa fa?

1. Ka je wurin mai gida tun wa'adi bai cika ba. Ka faɗa masa gaskiya, ka nemi biya kashi-kashi. Ɓuya da kashe waya ƙara ɓata lamarin suke yi.

2. In za ka shigo da wani, ka kai shi gaban mai gida, a rubuta suna da kuɗi da wa'adi, a sa shaidu. Ka sani, in bai biya ba, kai za a tambaya.

3. Ka riƙa karɓar rasit, ka adana.

4. Ka san haƙƙinka. In babu wata yarjejeniya daban, mai biyan shekara notis ɗinsa wata 6 ne, mai biyan wata-wata kuwa wata 1. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko watsar da kayanka sai da umarnin kotu. Akwai kuma cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha, wato Citizens' Mediation Centre, kyauta take sauraron irin wannan rikici.

5. Kada kunya ta kai ka ga bashin ruwa. Wanda bashi ya danne yana cikin masu haƙƙin zakka, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba, aya ta 60. Ka sanar da liman ko kwamiti, za a rufa maka asiri.

Alhazanmu masu gidaje da shaguna, ku tuna aya ta 280 a Suratul Baƙara, inda aka yi umarnin a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi lada.

Mu baƙi ne a garin nan. In mutum ɗaya ya ci amana, gobe ɗan uwansa ne za a hana ɗaki. Mai son a rubuta masa yarjejeniya ya same ni a ofis bayan La'asar, ya zo da tsohuwar takardar hayarsa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Sakataren Masallaci