Kwana biyu a ƙarƙashin teku saboda marayu: ko ya halatta?



Wani ƙaninmu da ke karatu a Masar ya turo mini tambaya, na kwana uku ina juya ta. Ya koyi nutso irin na tukunyar iska, wanda ake goya silinda a baya a sauka ƙarƙashin teku, har ya samu takardar shaida. Yanzu shi da abokansa suna shirin ya yi awa 48 a cikin ruwa ba tare da ya fito ba, ana nuna shi a intanet, jama'a suna tura kuɗi don a gina wa marayu ajujuwa. Ya ce: "Malam, mahaifiyata ta ce kashe kai ne, abokaina sun ce jihadi ne. Wanne ne gaskiya?"

Kada wani ya yi dariya, abin ba tatsuniya ba ne. A garin Dahab da ke gaɓar Bahar Maliya, wani Bamisire mai suna Saddam Al-Kilany ya yi sama da awa 145 a ƙarƙashin ruwa a shekarar 2020, kwana shida ke nan, ya shiga kundin Guinness. Kafin shi wani Baturke, Cem Karabay, ya yi awa 142 a 2016. Dukansu sun fito da rai.

Amma kafin a ce halal ko haram, sai an san abin da ake hukunci a kansa. Duk mita goma da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. Wannan matsi yana tura iskar naitirojin cikin jini da tsoka, kuma gwargwadon daɗewa gwargwadon taruwarta. Idan ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jikinsa, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, ta iya shanye masa ƙafafu ko ta kashe shi. Shi ya sa Ahmed Gabr, wanda ya kai zurfin mita 332 a Dahab ɗin a 2014, ya sauka cikin kamar rubu'in awa amma tasowa ta ci masa kusan awa 14. Masu neman daɗewa ba sa zurfi irin haka, 'yan mitoci kaɗan suke tsayawa. Abokan gabarsu su ne sanyi, don ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba, da barci, da laushin fata har ta fara saɓulewa, da ruɗewar hankali. Saboda haka ba mutum ɗaya ke yin aikin ba. Akwai masu canza masa silinda, masu gadinsa in gyangyaɗi ya ɗauke shi, da likita a sama.

To, mu zo kan hukunci. Mahaifiyarsa da abokansa, da za ka nemi hujja, aya ɗaya za su kawo maka: ta 195 a Suratul Baƙara. Ayar da ta hana mu jefa kanmu cikin halaka ita ce ta fara da umarnin ciyarwa saboda Allah. Kuma Abu Ayyub Al-Ansari (RA), a lokacin yaƙin Ƙusɗanɗiniyya, da mutane suka ga wani ya kutsa cikin rundunar Rumawa suka ce ya halaka kansa, ya gyara musu fahimta: ayar ta sauka ne a kan Ansar lokacin da suka so su koma gyaran dukiyarsu su bar fita. Wato riƙe hannu shi kansa halaka ne. Don haka ba daidai ba ne duk abin da ke da haɗari mu ɗora masa wannan aya mu tashi. Direban da ke bin hanyar Kano zuwa Legas yana cikin haɗari. Mai haƙar rijiya ma haka. Abin da malamai suke dubawa shi ne rinjayen zato: idan masana, ba abokai ba, sun ce da wannan shiri kuɓuta ita ce mafi rinjaye, ba za a kira shi mai kashe kansa ba. Idan kuwa halaka ko nakasa ta fi rinjaye, kyawun niyya ba ya halatta shi. A 2015 wani likita Ba'amurke, Guy Garman, ya sauka don ya wuce zurfin da Gabr ya kai, gawarsa aka fito da ita, kuma masana nutso da dama sun ce ƙwarewarsa ba ta kai abin da ya ɗauko ba.

Abokan kuma da suka ce jihadi ne, a nan na rabu da su. Wahala ita kaɗai ba ibada ba ce. Bukhari ya ruwaito labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya a rana, ba zama, ba inuwa, ba magana, kuma yana azumi. Manzon Allah (SAW) ya sa a gaya masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Abin da yake ibada aka bar masa, azabar aka cire. Saboda haka ƙanina, awa ta arba'in da takwas ba ta fi ta farko lada ba don ta fi ciwo. Nutson talla ne, hanya ce ta jawo ido. Ladan yana cikin aji da aka gina.

Sai salla, wadda ban ji ya ambata ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya ɗan dame ni. Awa 48 salla goma ce. Yaya alwala? Yaya najasa, tunda ba fita ban ɗaki za a yi ba? Yaya Fatiha da bututu a baki? Shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya da wanda tsoro ya tsare, amma wanda ya ƙirƙiro wa kansa lalura da hannunsa, zuciyata ba ta natsu a ba shi irin wannan rangwamen ba. Ba a rushe farilla don a gina nafila.

Akwai kuma maganar amana. Jirgin ruwa, silindu, likita, masu ɗaukar hoto, duk kuɗi ne. Daga ina za su fito? Idan daga abin da aka tara wa marayu ne, dole a faɗa wa masu bayarwa tun farko, ɓaro-ɓaro. Wanda ya tura kuɗinsa yana zaton bulo zai saya, ba ka da ikon sayen iska da shi sai da saninsa.

Maganar riya ba zan zafafa ba. Ƙur'ani bai hana bayyana sadaka ba, ya dai ce ɓoyewa ta fi. Gwaji ɗaya na ba shi: idan a awa ta ashirin kuɗin sun cika, za ka fito? In ka ji ranka ya ce a'a, sai an cika 48, to ka san akwai wani abu ban da marayu da ke riƙe da kai a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba shi ba ne, mu ne. Marayun nan suna nan tun kafin ya koyi nutso. Mun san unguwarsu, wasu ma danginmu ne. Amma hannunmu ba ya shiga aljihu sai wani ya sa ransa a faifai muna kallo. Mun ga irinsa a 2024, da Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga wasan dara na chess a New York don karatun yara, aka yi ta yayatawa. Ban zarge shi ba, ya karanci halinmu ne. Tambayar ita ce, wanda ya bayar don ya ga bajinta, sadaka ya yi ko kuɗin kallo ya biya? Allah ne masanin zukata, kuma maraya zai amfana ko ta yaya. Sai dai idan jama'a suka saba da haka, mai zuwa gobe dole ya fi na yau shan wuya kafin a kula shi.

Ga abin da na rubuta masa. Ya rage lokacin zuwa abin da zai shiga tsakanin salloli, ko ya raba shi kwana-kwana, ko su yi karɓa-karɓa shi da abokansa, kundin Guinness ya tafi da abinsa. Likitan da ya san harkar nutso ya duba shi, kuma a ba wani mutum ɗaya ikon cewa "ya isa" ba tare da an yi masa gardama ba. A san inda ɗakin jinyar matsin iska mafi kusa yake tun kafin a jiƙa ƙafa. Sannan ya koma wurin mahaifiyarsa. Mutumin da ya zo neman izinin fita yaƙi ma, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya mayar da shi gare su. Idan bayan duk bayani ta ce ba ta yarda ba, to ya haƙura, mu nemi wata hanyar tara kuɗin.

Ya amsa da cewa zai kira ta ranar Juma'a.

Wallahu a'alam.