Malafar Jaji: Hikima ce ko Wayo?

Lokacin da Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808, an ci Gobir da yaƙi, amma bori bai bar ɗakunan mata ba. Mace idan ɗanta ya kwanta ciwo, wurin 'yan bori take nufa, kuma babu dakaren da zai tsaya mata a ƙofar ɗaki ya hana.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta ɓullo wa al'amarin ta wata fuska. Ta zaɓi dattijan mata daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, ta koya musu waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci, su kuma su koma su rera wa 'yan uwansu. Su ne 'Yan Taru. Abin lura shi ne alamar naɗin: malafa da jan rawani. Malafa kuwa a Gobir ado ne na Inna, shugabar bori. Ke nan matar ƙauye ta ga hular da ta saba rusuna wa, sai dai bakin da ke ƙarƙashinta tauhidi yake karantarwa.

To, a nan tambayar take. Wanda ya ari kwarjinin abin da yake son kawarwa don ya jawo mutane, hikima ya yi ko wayo? Ai boka ma da lallashi yake cin kasuwarsa, haka ɗan siyasa mai romon baka, kuma babu wanda ya ɗauki sanda a cikinsu. Rashin tilas kaɗai bai isa ya wanke mutum ba.

A ganina, ma'aunin shi ne ko dabarar za ta jure a tona ta. Mayaudari da zarar an gano manufarsa, kasuwa ta watse. Jaji kuwa ba ta taɓa ɓoye abin da ya kawo ta ba. Malafar ta sa a saurare ta ne kurum, sauran aikin na hujja ne. Mai sauraro tana da damar tashi ta koma wurin garaya.

Duk da haka, ban ce zancen ya mutu ba. Wadda aka kamo a yaƙi aka zaunar a gidan wanda ya ci garinsu, yaya girman zaɓinta yake, ko da murya mai taushi aka yi mata magana?