Wanda Abincinsa Yake Cikin Yaƙi

Tun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana, akwai maganar da ba ta barin bakin samari a majalisun Birchi: me zai hana gwamnati ta ɗauko sojojin haya su shiga dajin Rugu a huta? Suna da hujjarsu. A farkon 2015 gwamnatin Jonathan ta kawo kamfanin STTEP na Eeben Barlow, tsohon sojan Afirka ta Kudu, aka ɗage zaɓe da mako shida, kuma a ɗan tsakanin nan aka ƙwato Bama da Gwoza daga hannun Boko Haram. Bayan yankan manoman shinkafa a Zabarmari a Nuwamba 2020, Gwamna Zulum da bakinsa ya nemi a sake ɗauko irinsu. Duk wanda ya taɓa kwana a gona da 'ya'yansa saboda tsoron gida ba zai raina wannan roƙo ba. Ni dai ina ja da shi, kuma dalilina na addini ne tun kafin a zo ga siyasa.

Karɓar albashi don tsaron mutane halal ne. Sayyidina Umar ne ya kafa diwanin da ake biyan mayaƙa daga baitulmali. Akwai wani yaro a unguwarmu da ya shiga rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoba 2023. Uwarsa ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, ya jingine bindiga a zaure ya nemi ruwan alwala. Yana karɓar kuɗi, Allah ya sa masa albarka. In aka wayi gari gobe an zauna lafiya, shi riba ya ci: gonar ubansa da aka bari za ta sake ganin gero, ƙannensa za su koma makaranta. Kamfanin yaƙi kuwa, ranar da aka samu lafiya ranar kwangilarsa ta mutu. Ta yaya za a damƙa wa mutum aikin kawo ƙarshen abin da yake ci da shi?

Abu Dawud ya kawo labarin sahabi Ya'ala, wanda tsufa ya kama ga shi ba mai yi masa hidima, sai ya nemi ɗan ƙwadago ya bi shi yaƙi. Mutumin ya ce bai san abin da rabon ganima zai kai ba, a yanka masa lada kawai. Aka yanka dinari uku. Da aka samu ganima Ya'ala ya so ba shi rabo, ya kai maganar gaban Annabi (SAW), aka sanar da shi cewa dinaran nan su ne iyakar abin mutumin, duniya da lahira. Ba a hana shi kuɗinsa ba, amma an auna shi da abin da ya fito nema, duk da cewa sahu ɗaya ya tsaya da masu neman yardar Allah.

Sai maganar jini. A shari'a babu jinin da ba shi da mai shi: akwai ƙisasi, akwai diyya, akwai dangin da ake ɗora wa biya in kuskure ne. Sojan haya ya zo ne daga inda ba ka san danginsa ba. Kamfanin sojojin haya na Wagner daga Rasha ya shiga Mali a ƙarshen 2021. A watan Maris na 2022, a garin Moura, ranar kasuwa, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500, gwamnatin Mali kuma ta ce 'yan ta'adda ta kashe. Matar da aka kashe wa miji a can, ƙofar wa za ta buga? A Bagadaza a 2007 ma'aikatan kamfanin yaƙi na Blackwater sun harbe fararen hula 17, kamfanin ya sauya suna ya ci gaba da neman kwangila, ma'aikatansa huɗu da kotu ta ɗaure kuma Trump ya yi musu afuwa a 2020. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa: kamfanin kasuwanci ne, Royal Niger Company, ya ci Bida da Ilorin a 1897 da sojojin haya, Hausawa da yawa a cikinsu, da ya miƙa ƙasar a 1900 kuma gwamnatin Ingila ta biya shi fam 865,000.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba sai mun leƙa Rasha ba. A 2021 gwamnatin jiharmu a zamanin Gwamna Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin shanu, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. Mun sha wuya, amma dokar ta tona abin da kowa ya sani yake yin shiru. Babu gidan mai a daji, babu gidan burodi. Wani ne yake ɗaure jarkoki a bayan babur bayan isha'i ya sayar ninkin-ba-ninkin. Wani yake sayen saniyar da ya ga shaidar mai ita a jikinta, ya kawar da kai saboda araha. Ga mai shiga tsakani a kuɗin fansa da yake cire la'adarsa daga kuɗin gonar da marayu suka sayar, ga infoma da ya san wa ya sayar da waken suya jiya. Waɗannan duk 'yan kwangilar yaƙi ne, takarda ce kawai ba su sa wa hannu ba. Tare muke sallar Juma'a da su, in liman ya roƙi zaman lafiya su ma su ɗaga hannu su ce amin.

Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da makami lokacin fitina, ko da cinikin a kan kansa halal ne, don toshe ƙofar ɓarna. A ganina fetur da burodi da katin waya sun shiga wannan hukunci in an san inda za su. Na san akwai wanda aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ya kawo, kuma shari'a ta yi wa wanda aka tilasta uzuri. Gane su ba wuya. Wanda aka tilasta yana ramewa, yana neman hanyar ƙaura. Ɗayan kuwa ya sa kwano a ɗaki, ya sauya babur, ya ƙara aure a shekarar da maƙwabtansa suka kasa noma. Ina so in ji limamanmu sun ambaci wannan ciniki da sunansa a kan mumbari, su faɗi hukuncin cin abincin gidan da aka san da kuɗin nan ake cefane, da hukuncin karɓar gudummawarsa in ana ginin masallaci.