Mai Taimakon Malama a Rabin Aji: Wa Ya Cancanci Wannan Amana?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya 'ya'ya su zama kyauta kuma amana a hannun manya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A wannan mako za mu tsaya kan takardar da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga Fakku, cikin ƙasar Kebbe ta Jihar Sakkwato. Ya ce iyayen yara na unguwarsu sun haɗa kai za su ɗauki mace guda ta riƙa taimakon malamar rabin aji, watau ajin yara 'yan shekara uku zuwa biyar, amma ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a ba wata baiwar Allah mai riƙon marayu domin tausayi, wasu sun ce a ba 'yar wani mai faɗa a ji, wasu kuwa suka ce ai aikin share majina ne da kai yaro bayan gida, kowa ma ya iya. Shi ne yake tambaya ko addini yana da magana a nan.

Lalle yana da ita, amma bari mu fara duba matsayin aikin. A birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin farko ga kowa, watau UBE, ranar 30 ga Satumba, 1999, kuma dokarsa ta shekarar 2004 ta shigar da kula da yara ƙanana a ciki. Manufar ilmi ta ƙasa ta tsara malami guda ga yara 25 a irin wannan aji, ta kuma sanya takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar malanta. To, duk wanda ya taɓa leƙa makarantar karkara ya san sau da yawa yara kan wuce wannan adadi. Malama ɗaya ba za ta fuskanci allo kuma ta ga wanda ya sulale ya nufi rijiya ba. Mataimakiya ita ce idonta na biyu.

Ita ce ke karɓar yaro da safe, ta san wanda ya kawo shi da wanda ya dace ya tafi da shi. Ita ke kai shi makewayi, ta koya masa tsarki da wanke hannu da sabulu. Ita ke zama da yara lokacin cin abinci. Ita ke fara gane wanda jikinsa ya yi zafi, ko ƙuraje suka feso masa, ta gaya wa malama da iyaye tun abin bai bazu cikin aji ba. Ita ke rarrashin mai kuka, ta raba masu faɗa.

Wanda ya rena wannan aiki, ya dubi Fiyayyen Halitta. Ummu Ƙaisi 'yar Mihsan ta kawo masa jaririnta, ya ɗora shi a cinya, yaron ya yi masa fitsari a tufa. Bai ɓata rai ba, ruwa kurum ya nema ya yayyafa. Umaru ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo cikin akushi, sai Annabi ya koya masa cikin taushin murya ya ambaci Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Umaru ya ce bai sake barin wannan ladabi ba. Ashe abin da muke kira ƙaramin aiki, Manzon Allah ya yi shi da hannunsa.

Game da wanda ya cancanta, Alƙur'ani ya ba mu ma'auni a aya ta 26 cikin Suratul Ƙasas, inda ɗaya daga cikin 'yan matan Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffa biyu, ƙarfi da amana. Malamanmu na Malikiyya kuma, a babin reno, sun sharɗanta wa mai riƙon yaro hankali, da iyawa, da amana, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. In an nemi wannan ga kakar yaro ko gwaggonsa, ina ga baƙuwar da za a damƙa wa 'ya'yan unguwa guda?

Ƙarfi a nan shi ne lafiya da sanin aiki. Ta zama mai iya bin yaro da gudu, mai tsabtar jiki da tufa, wadda ta iya karatu da rubutu gwargwadon ta duba sunayen yara ta kuma rubuta saƙo, ta san abin da ake yi in yaro ya ji rauni ko gudawa ta kama shi kafin a kai shi asibiti. In ba ta sani ba, a tura ta ga ma'aikatan lafiya na gari su nuna mata.

Amana kuwa ta fi wuyar ganewa, domin yaro ɗan shekara uku ba ya iya kai ƙara. Mai amana ba ta taɓa abincin yaro, ba ta fifita ɗan mai kuɗi a kan ɗan talaka, ba ta kwasar asirin gidajen mutane daga bakin yara ta kai kasuwa, tana kuma suturta tsiraicinsu. Ba ta yi musu ƙarya ko da ta rarrashi ce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amiru ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi ya tambaye ta, ta ce dabino ne, ya sanar da ita cewa da babu abin bayarwa da an rubuta mata ƙarya. Masu tsorata yara da Dodo su yi tunani a kan wannan.

Sa'an nan haƙuri. Shari'a ba ta umurci yaro da salla ba sai ya shekara bakwai, ba a kuma yi zancen horo a kanta ba sai ya kai goma. To, da wace hujja za a tsula wa ɗan shekara huɗu bulala don ya yi fitsari a wando? Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya hana malami dukan fuska da kai, ya kuma taƙaita horo ko ga manyan almajirai. Ibn Khaldun ma ya yi gargaɗi cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da yaudara. Yaron da ya fara sanin makaranta da tsoro, da wuya ya ƙaunace ta daga baya.

Saboda haka, ɗan'uwa, ga amsarka. Ku gwada kowace mai nema da wannan ma'auni, ku tambayi maƙwabtanta yadda take da 'ya'yansu, ku bar ta ta yi 'yan kwanaki a aji malama na lura. In mai marayun nan ta cancanta, ku ba ta, kun sami lada biyu. In ba ta cancanta ba, ku taimake ta daga zakka da sadaka, amma kada ku yi sadaka da 'ya'yan mutane. Haka 'yar mai faɗa a ji, halinta za a duba, ba gidansu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi naɗa jajis masu kai ilmi ga matan ƙauyuka, mata masu hankali da amana ta zaɓa.

In kun ɗauke ta kuma, amanar ta koma wuyanku. Ku yanka mata lada bayyananne, ku biya a kan kari, domin hadisi ya kwaɗaitar da sallamar ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Kada ku ɗora mata aikin malama in malama ba ta nan, kada ku wulakanta ta gaban yara. Ummu Aimana ita ta reni Annabi, kuma ya girmama ta tamkar uwa har ƙarshen rayuwarsa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.