Gonar Talaka Ta Wa Ce?



Kwanan nan na ga matasanmu masu ra'ayin gurguzu suna ja-in-ja a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wasu sun ce tawayen talakawa ne, don haka mallakar dukiya ce tushen zalunci, a soke ta. Wasu sun ce a'a, canjin masu gida kawai aka yi. Na ce bari in sa baki, tunda mu a nan Bafarawa, tsakanin Isa da Sabon Birni, ƙasar da aka yi yaƙin muke nomawa. Kufan Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ba nisa da mu.

Ya 'yan'uwa, mu duba abin da Shehu ya zargi sarakunan lokacin da shi a Kitabul Farƙ: jangali, gaisuwa, kwashe kayan mamaci, ɗibar kayan 'yan kasuwa. Duk ƙwace ne. To, ana kiran abu ƙwace in ba shi da mai shi? Shehu bai yaƙi mallaka ba, ya yaƙi hannun da ke shiga aljihun mai rauni.

Masu cewa canjin masu gida aka yi kuwa, ba a rasa gaskiya a bakinsu. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, da ya ga wasu mayaƙa sun karkata ga ganima da mulki, barin rundunar ya yi ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam. Ashe ɗaukar tutar gaskiya ba ya halatta maka akuyar wani.

Ko 'yan PRP, almajiran Malam Aminu Kano, da suka hau mulki a 1979, me suka yi? Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna haraji da jangali suka soke. Ba su karɓe gonar kowa ba.

Yanzu mu dawo gida. A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, manomi ya yi shuka, ya yi noma, amma ba zai girbe geronsa ba sai ya biya 'yan bindiga. Wallahi wanda ke son ganin ƙasar da mallaka ta rasa daraja, ya zo ya gani. Mai kuɗi ya koma Sakkwato, talaka ne aka bari da rumbu wayam.

Amma kai ma mai cewa "dukiyata ce, guminta na sha", saurara. Annabi (SAW) da ya haramta taɓa dukiyar wani a Hajjin Bankwana, shi ne ya sanar da mu cewa ruwa da makiyaya da wuta na tarayya ne. Wanda ya nome burtali, ko ya hana zakka, ko ya danne gadon marayu, shi ma ƙwace ya yi, bindiga ce kawai babu.

Don haka kafin mu yi gardamar gurguzu da jari-hujja, kowa ya duba rumbunsa: akwai damin wani a ciki? In akwai, a mayar tun yau.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya sa mu dace.