Littafin bashin mai shayi

A hutun damina na 2023 na koma gida Kelle daga Yamai, aljihuna wayam. Kowace safiya nakan je teburin wani dattijo mai shayi kusa da inda motocin Gure suke tsayawa. Tebur ne na katako da benci biyu, da gwangwanayen madara a jere, da kwalin burodi da aka rufe da tsumma saboda ƙura. Burodin daga Gure ake kawo masa, in mota ta zo. In ba ta zo ba, na jiya ne zai sayar. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ɗan lakwal yake ce mini tun ina firamare, har yau bai canja ba.

Wata safiya wani baƙo ya sauko daga mota, ya sayi shayi da rabin burodi, ya gatsa, sai ya ajiye. Ya ce burodin ya kwana. Baba ya ce masa ya yi haƙuri, mota ce ba ta zo ba. Mutumin ya ɗaga murya, ya ce shi kiliyan ne, kuma kiliyan sarki ne, ya faɗa da Faransanci ya maimaita da Hausa don kowa ya ji. Ya jefa kuɗinsa cif-cif a kan tebur ya tafi. Mu ƴan benci muka bi shi da dariya. Ni na fi kowa, har da cewa wai birni ya lalata mutane, ba su san girman dattijo ba. A daidai lokacin nan sunana yana cikin ƙaramin littafin da Baba ke ajiyewa ƙarƙashin gwangwanin sukari, an rubuta jika ɗaya da dala 140 a gabansa.

Tambayar da ta hana ni sakat tun ran nan ita ce: tsakanin ni da baƙon nan, wa ya fi cutar da Baba? Shi da ya yi tsawa ya biya, ko ni da na durƙusa na gaishe shi na sha ban biya ba?

Bari in fara daga abin da na ɗan sani, wato kalmomi. Kiliyan aro ne daga Faransanci, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin. A tsohuwar Rum, wanda ake kira da wannan suna talaka ne da ke raɓe da wani babba, yana zuwa gaishe shi da safe, shi kuma yana kare shi. Da Hausa bara ke nan a gaban ubangidansa. Ka ga kalmar da baƙonmu ya naɗa wa kansa sarauta da ita, asalinta sunan bara ne. Hausa kuwa abokin ciniki take cewa, kuma sunan yana hawa kan mutum biyun duka: ni abokin cinikin Baba ne, shi ma abokin cinikina ne. Haka saya da sayar, saiwarsu ɗaya. A rabon da Parsons ya yi wa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a 1960, saya tana aji na 2, sayar tana aji na 5, bambancinsu kawai inda kayan ya nufa. Ga kuma gyara, ɗan ƙarin da mai sayarwa ke ɗora maka bayan an gama awo. Ko ƙin tayi ma da addu'a ake yi, a ce albarka.

Da a nan na tsaya, da na rubuta irin maƙalar da muke so a ƙungiyarmu, wadda ke nuna harshenmu ya fi na Bature mutunci, kowa ya tafa. To amma kalma mai kyau ba ta hana a yi zalunci a ƙarƙashinta, kuma ina ganin zalunci iri biyu ya ɓuya a cikin abotar nan tamu ta benci.

Na farko ya faɗa kan baƙo. Maganar gaskiya, a kan burodi yana da hujja. Ya biya kuɗin sabo aka ba shi kwananne, kuma ba a gaya masa ba sai da haƙorinsa ya gaya masa. Mu ƴan gari mun san ranar da mota ba ta zo ba, mukan ce a tsoma mana shi cikin shayi ko mu haƙura. In ma akwai sauran mai laushi, mu ake ajiye wa. Shi ba ya cikin wannan sani, don haka abin da kawai zai dogara da shi shi ne kuɗinsa su sayo masa daidai da abin da suke sayo wa kowa. Abota tana da da'ira, wanda ke wajenta kuwa adalci yake buƙata. Ya yi rashin ladabi, ban wanke shi ba. Sai dai rashin ladabinsa bai goge haƙƙinsa ba, mu kuma mun fake da shi don kada mu duba maganarsa.

Na biyu ya faɗa kan Baba, kuma mu ne muka yi shi. Dubi yadda muke faɗar bashi. Wanda ya karɓa shi ne ya ci bashi, ya ci ya ƙoshi ya zauna. Mai kuɗin kuwa shi ke bin bashi, shi ne a baya, shi ne da tafiya da jin kunya. Baba ba zai iya tambayata kuɗinsa a gaban mutane ba, don ya san mahaifina, ya ga tashina. Abotar da nake taƙama da ita ita ce ta ɗaure masa baki. Ni kuma na sani sarai, shi ya sa ban taɓa gaggawa ba. In ya buɗe littafin sai in ce, Baba, bashi hanji ne, yana cikin kowa, a yi dariya a wuce.

Ga kuma lokacin da abin ya faru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Tun kafin nan ma fulawa ta yi tsada bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022, ga shi yawancin fulawar da muke ci daga waje take zuwa. Sukari da madara suka bi sahu. Gidan burodin da ke ba Baba kaya kuɗi hannu yake karɓa, direba ma haka. Yi lissafi da kanka: in mu goma ne a littafin, kowa da irin nawa, jika 17 ke nan na jarin mutumin da dukiyarsa duka tana kan tebur guda. Kuɗin baƙon nan da aka jefa cikin fushi sun shiga sayen burodin gobe, ni kuwa gaisuwa kawai nake kawowa.

Wani abokina ya ce na cika tsananta wa kaina, ai bashin mai shayi shi ne rufin asirin gari, in babu shi ɗalibi da ɗan dako ba za su karya kumallo ba a watan da gero bai nuna ba. Na yarda da shi, kuma ba na kira a yaga littafin. Amma a duba wa ke ɗauke da nauyin rufin asirin. A birnin Napoli na Italiya akwai al'adar da mai hali zai sha kofi ɗaya ya biya na biyu, don wani da ba shi da ko sisi ya zo ya sha. A can masu sha ne ke tallafar junansu. A wurinmu nauyin duka an jibga wa mai tebur, wanda sau da yawa ya fi wasu daga cikinmu talauci. Addini ma da ya yi maganar bashi, ɓangare biyu ya kama: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta nemi a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta nemi a rubuta bashi da ajalinsa. Mun riƙe ta farko don ta yi mana daɗi. Ni kuwa ba na ma cikin ƙuncin da ake nufi, tunda a watan nan ban taɓa rasa kuɗin sa wa wayata intanet ba.

Matsayata ke nan. Mai saye ba sarki ba ne, don dala 20 ba ta sayen mutuncin kowa. Amma wanda ya kira kansa abokin ciniki ya ɗauki nauyin da ya fi na kiliyan, tunda dole ya biya kamar yadda baƙo ke biya, sannan ya ƙara da ladabin da baƙo bai yi ba. Mai sayarwa shi ma baƙo yana da haƙƙi a kansa, ya gaya masa burodin ya kwana kafin ya karɓi kuɗinsa. In ɗaya daga cikin biyun nan ya faɗi, ba na jin ya dace mu ci gaba da kiran abin abota.

Ana gobe zan koma Yamai na je na biya. Baba ya ƙirga, ya ja layi a kan sunana, ya ce, ɗan lakwal, ai da ka bari sai ka zama mushe. Na ce a'a Baba, an daɗe. Ya zuba mini shayi ya ce wannan gyara ne. Da yake mayar da littafin ƙarƙashin gwangwani na hango shafin, sunaye ne har ƙasa, galibinsu ba layi a kansu, kuma kusan duk na san masu su.